Awara, Makara da Zauren Mai Unguwa: Yadda Wata Yarinya Ta Koma Aji a Birnin Kano

Gidan da yanayinsa kafin Mayun 2023

Gidan yana cikin wani lungu a tsohon birni, irin lungun da adaidaita sahu ba ta shiga sai a sauka a bakin titi a ƙarasa da ƙafa. An sakaya sunan unguwar, da na makarantar, da na mutanen gidan.

Maigidan yana tuƙa adaidaita sahu ta haya. Kullum da daddare sai ya kai wa mai ita balas, ya cire kuɗin man gobe, abin da ya rage shi ne cefane. Matarsa tana cikin kulle. Tana yin awarar kwano 1 na waken suya da yamma, yaran maƙwabta suna shigowa saye har gida. 'Ya'yansu 5. Babbar, 'yar fari, tana da shekara 10, tana aji 4 a firamaren gwamnati da safe, tana Islamiyya da yamma daga Asabar zuwa Laraba. Kakar yaran, mahaifiyar maigidan, tana zaune a ɗakin da ke kusa da zaure.

Masu faɗa a ji da suka shiga lamarin su huɗu ne. Akwai mai unguwa, wanda shi ne matakin farko a sarauta, daga shi sai dagaci, sai hakimi, har zuwa fada. Ba shi da ikon ɗaure kowa. Abin da ke hannunsa shi ne kira, da shaida, da kunyar da mutum yake ji in an aiko masa daga ƙofar gidansa. Akwai limamin masallacin unguwa. Akwai shugaban makaranta. Akwai kuma wata dattijuwa, tsohuwar malama da ta yi ritaya, wadda ke wakiltar mata a kwamitin SBMC, wato kwamitin da ke haɗa makarantar gwamnati da mutanen unguwar da take ciki. A nan za a riƙa kiranta Hajiya.

Yuni zuwa Disamba 2023: yadda abin ya faro

A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a watan Yuli ta haura 600. Fasinja suka ragu, masu gajeren zango suka koma takawa da ƙafa, balas kuwa bai ragu ba. Kuɗin cefanen da maigidan yake ajiyewa da safe ya zama wata rana a samu, wata rana ya fita kafin a tashi.

Matar ta ƙara awara daga kwano 1 zuwa kwano 3. A nan tsarin yinin gidan ya juye, kuma sai an san aikin awara za a gane dalili. Ana jiƙa wake na awa 6 zuwa 8. A kai markaɗe. A tace da ƙyalle a raba madarar da dusa. A ɗora madarar a wuta har ta tafasa, a zuba ruwan tsami ta dunƙule, a kwashe a buhu a danne da dutse ruwan ya tsane, sannan a yanka a soya. Daga markaɗe zuwa suya, kwano 3 yana cin kusan awa 4 ga mace ɗaya mai murhu ɗaya. Masu shigowa gida ba za su iya cinye kwano 3 ba, dole a fita da ita. Kasuwar da ta fi kusa ita ce ta masu gareji da 'yan dako a bakin titi, su kuma da hantsi zuwa azahar suke neman abin taɓawa.

Don a cimma wannan kasuwa sai aka koma jiƙa wake da daddare, a kai markaɗe da sassafe. Yarinyar ce mai kaiwa. Tana fita wajen ƙarfe 6:30, ta tarar da layi, in babu wuta a jira mai inji ya tara mutane kafin ya tayar da injin mai. Takan dawo gida ƙarfe 8 ta wuce. A makarantarsu wanda ya makara sai ya yi tsintar takardu ko ya sha bulala a ƙofa. Bayan ta sha haka sau da yawa sai ta fara cewa gara ta haƙura da na yau. Uwar ba ta matsa ba, tunda ƙarfe 11 za ta buƙaci mai ɗaukar bokitin talla.

A zangon farko na aji 5, daga Satumba zuwa Disamba, rajistar aji ta nuna ta halarci ƙasa da rabin kwanakin karatu. Litinin da Talata takan zo, daga Laraba sai a neme ta a rasa. Islamiyya kuwa ba ta fashi, domin kafin la'asar ta sayar ta dawo. Wannan ya sa maƙwabta ba su lura da wuri ba: kowa yana ganinta da hijabi da jaka da yamma.

Janairu 2024: takarda, wa'azi da ambaton doka

Da aka koma zango na biyu, malamar ajin ta kai sunanta ofis tare da wasu yara. Shugaban makaranta ya rubuta wa mahaifin takardar gayyata, aka ba yarinyar ta kai. Takardar ba ta isa ba. Aka sake aikawa ta hannun wani yaron maƙwabta, mahaifin ya karɓa bai zo ba, don lokacin da aka sa masa, ƙarfe 9 na safe, shi ne lokacin da yake samun fasinja masu tafiya aiki da kasuwa.

Shugaban ya kai maganar ga mai unguwa, shi kuma ya roƙi liman ya taɓo ta. Liman ya yi nasiha bayan sallar magariba kwana biyu a jere, a kan haƙƙin 'ya'ya da haɗarin talla ga 'ya mace, bai kama suna ba. Mai unguwa ya ƙara da cewa hukuma tana da doka. Gaskiya ne akwai ta. Dokar UBE ta 2004, wato dokar tarayya ta ilimin bai-ɗaya, ta wajabta karatun shekara 9, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, ta tanadi jan kunne a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 1 a karo na biyu, naira 5,000 ko wata 2 bayan nan. Gwamnatin Kano ma ta ƙaddamar da tsarin ilimi kyauta kuma dole a Satumbar 2019.

Mahaifin ya ji nasihar, ya kuma gane da shi ake. Ya shiga gida ya ce daga gobe an daina talla. An daina na kwana 9. A cikin kwanakin nan matar ta koma kwano 1, ta kasa zubin adashi, uwar adashi ta aiko sau biyu. Rana ta goma bokitin ya sake fita, maigidan ya gani ya kau da kai, domin kokon da yaran suka sha da safen daga kuɗin awarar ya fito.

Fabrairu zuwa Afrilu 2024: tallafin masallaci da markaɗen dare

Da wa'azi bai yi ba sai aka ɗauka rashin kuɗi ne kawai. Kwamitin masallaci ya haɗa taimako: sabon yunifom, takalmi, littattafan rubutu 6, da naira 20,000 da aka damƙa wa mahaifin a matsayin jari ga matarsa, da sharaɗin yarinya ta koma aji. Ta koma na mako 3.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. Mahaifin ya biya bashin balas na kwana biyu daga cikin kuɗin, ya sayi gero da sukari na kunun buɗa-baki, ya miƙa wa matar abin da ya rage. Ba wanda ya bi sawu, tunda ba a rubuta komai ba, kuma ba wanda aka ɗora wa alhakin tambaya.

A daidai lokacin malamar ajin ta ba da shawarar a riƙa markaɗe da daddare don yarinyar ta samu safiyarta. An gwada sau 4. Maris da Afrilu su ne tsakiyar zafi a Kano, rana takan kai digiri 40, ɗaki ba ya hucewa har asuba. Markaɗaɗɗen wake ya kwana a bokiti ba firji, kafin gari ya waye ya yi tsami yana kumfa. Sau biyu awarar ta fito da ɗanɗanon da masu saye suka ƙi, sau ɗaya ta ƙi haɗuwa gaba ɗaya aka ba awaki. Asarar kwano 3 na wake ta cinye ribar kwanaki. Daga nan matar ta daina sauraron duk wata shawara da ta fito daga makaranta.

Bayan ƙaramar salla, Afrilun 2024: shigar Hajiya cikin gida

Har zuwa nan duk maganar a waje ake yinta, tsakanin maza, da wanda ba shi ke jiƙa wake ba. A zaman kwamitin SBMC na farkon zango na uku Hajiya ta nemi a bar mata mako 2. Ta shiga gidan sau 3, ta zauna a kan turmi kusa da murhu, tana taya tata. Ba ta ambaci makaranta ba sai a zuwa na uku. Abu biyu ta rubuta a littafi: abin da ake yi a gidan awa bayan awa, da inda kowace naira ta cinikin rana take tafiya.

Lissafin ya nuna kashi mafi girma yana komawa uwar kuɗi: waken gobe, man suya, itace, kuɗin markaɗe, da ruwan 'yan garuwa, don tata tana cin ruwa sosai. Abin da ya rage ya kasu uku. Karin kumallon yara da sabulu. Kuɗin Laraba na Islamiyya. Sai zubin adashi, naira 500 kullum, wanda ko ranar da ba a ci riba ba sai an zuba.

Hajiya ta tambaye ta adashin na mene ne. Matar, wadda ba ta faɗin sunan 'yarta saboda alkunyar ɗan fari, ta nuna ɗaki da haɓa ta ce: "Hajiya, na waccan ne. In lokacinta ya zo aka kai ta ɗaki ba gado ba kwano, ba ubanta za a zaga ba, ni za a zaga." Kayan ɗaki take tarawa tun yanzu, don ta ga yadda kuɗin katifa da kujeru yake tashi. A wurinta yarinyar kanta take yi wa talla.

Abu na biyu da ya fito shi ne dusa. Dusar awara abinci ce mai kyau ga tumaki da awaki, masu kiwo suna saye. Matar tana bayar da ita kyauta ga wata maƙwabciya, saboda ba ta da wanda zai kai mata ita inda ake saye. Abu na uku: kakar yaran tana wuni a ƙofar ɗakinta ba aikin komai, kuma a al'ada tsohuwa irinta ba kulle a kanta.

Mayu 2024: zaman zaure

Mai unguwa ya kira zama a zaurensa bayan sallar isha'i, lokacin da mahaifin ya ajiye adaidaita. Waɗanda suka zauna: mahaifin, liman, shugaban makaranta, Hajiya a madadin matar da izininta, da kakar yaran. Ba a gayyaci 'yan kallo ba, aka sa yaro a ƙofa yana mayar da masu shigowa gaisuwa.

Mahaifin ya fara da kare kai: "Ranka ya daɗe, ni na hana, ba a ji ba." Mai unguwa ya amsa cewa ba don a ɗora wa wani laifi aka taru ba, ya ce Hajiya ta karanta abin da ta rubuta. Da aka zo kan karin kumallo liman ya yi magana gajeriya, cewa ci da sha na iyali a wuyan miji yake gwargwadon ƙarfinsa, abin da mace ta samu da sana'arta kuwa nata ne. Mahaifin ya ce: "Allah gafarta Malam, haka ne, ƙarfin ne ya gaza." Aka tambaye shi nawa zai iya ajiyewa kullum ba tare da ya taɓa balas ba. Ya faɗi abin da bai kai yadda ake so ba, aka karɓa a haka, tunda ƙaramin da za a samu kullum shi ake iya gina lissafi a kai.

An tashi da matsaya kamar haka, shugaban makaranta ya rubuta, mai unguwa ya ajiye kwafi.

Jiƙa wake ya koma bayan sallar asuba. Markaɗe ya koma wajen ƙarfe 11, lokacin da layi ya ragu, kuma wani almajiri da ke yi wa gidan aike shi zai riƙa kaiwa, a ba shi abincin rana da ɗan abin sabulu. Suya ta koma bayan azahar zuwa la'asar. An haƙura da kasuwar gareji gaba ɗaya.

Awarar ta kasu gida uku. Kashi ɗaya kakar za ta zauna da shi a ƙofar zaure a cikin kular abinci daga la'asar zuwa magariba, lokacin da yara ke zuwa da dawowa daga Islamiyya. Kashi biyu a ba da sari: ɗaya ga wani mai shayi a bakin titi, ɗaya ga wata mai sayar da abinci a ƙofar wata makarantar yamma. A duk awarar naira 1,000 mai sari zai biya 850. Mai unguwa da kansa ya yi wa mutanen biyu magana ya kuma tsaya shaida. Dusa kuma wani mai kiwon raguna a unguwar zai riƙa aiko yaro yana ɗauka, ya biya duk Juma'a.

Mahaifin zai ajiye kuɗin karin kumallo a hannun mahaifiyarsa kafin ya fita. Adashi ya ci gaba yadda yake, ba wanda ya nemi a taɓa shi.

Makaranta ma ta ɗauki nata. An ɗage wa yarinyar hukuncin makara na mako 4. In ta yi fashin kwana 2 a jere, malamar aji za ta kira Hajiya a waya a ranar, ba za a sake aika takarda ta hannun yaro ba. Duk ƙarshen wata Hajiya za ta duba rajista ta gaya wa mai unguwa abin da ta gani.

Yuni 2024 zuwa Maris 2025: inda tsarin ya yi tangal-tangal

A watan farko kuɗin da ke shigowa ya ragu, saboda rangwamen sari da ladan almajiri. Kuɗin dusa ya toshe wani ɓangare, kuɗin karin kumallon da ya koma wuyan mahaifin ya toshe sauran. Yarinyar ta yi fashin kwana 3 kacal daga zaman zuwa ƙarshen zangon, ɗaya saboda zazzaɓi. A watan Yunin nan ne Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar, abin da ya sa shugabannin makarantu suka ƙara sa ido a kan rajista.

Matsala ta farko daga mai shayi ta zo. Ya fara karɓar awara ya ce sai gobe, bashin ya taru na kwana 6. Ga mai jarin kwano 3, wannan ya isa ya tsayar da sana'a. Matar ta aika wa Hajiya, Hajiya ta kai wa mai unguwa. Da yake a gabansa aka ƙulla, aike ɗaya ya wadatar: mai shayin ya biya sau biyu, aka kuma canja sharaɗi, ba a ba shi ta yau sai ya kawo kuɗin ta jiya.

Ta biyu ita ce zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 ga Agustan 2024 da dokar hana fita da aka sa a Kano. Adaidaita ta yi kwanaki a ajiye, masu sari ba su fito ba. Da yake hutu ne karatu bai taɓu ba, amma gidan ya ci wani ɓangare na jari. A Satumba fetur ya sake tashi ya haura naira 850. Mahaifin ya yi mako 2 bai ajiye kuɗin safe ba. A mako na biyu na aji 6 yarinyar ta yi fashin Laraba da Alhamis, malama ta kira Hajiya, Hajiya ta tarar an koma jiƙon dare an fita da bokiti. Wannan karon ba a kira zama ba. Hajiya ta je wurin uwar adashi ta roƙi a matso wa matar da kwasarta gaba, wata mai kwasa a watan ta yarda suka yi musaya. Da rabin kuɗin aka sayi wake tiya-tiya a lokacin kaka da farashinsa ya sauka, rabin aka sayi kwanukan da aka ajiye ƙarƙashin gado.

Ta uku ba a warware ta ba sai da aka sauya mutum: almajirin ya tafi gida noma da damina bai dawo da wuri ba. Ƙanen yarinyar mai shekara 8 aka so a ɗora wa markaɗen, Hajiya ta ƙi, don ƙarfe 11 yana aji. Aka haɗa markaɗen gidan da na wata maƙwabciya mai ƙosai, yaron aikenta yana kai duka biyun a raba ladan.

A azumin 2025, wanda ya fara 1 ga Maris, makarantun jihar suna hutu, awara kuma ta yi kasuwa da buɗa-baki a ƙofar gida.

Yuli zuwa Satumba 2025: sakamako

Ta kammala aji 6 a ƙarshen zango na uku, fashinta a shekarar bai kai mako 2 ba in an haɗa. Ta samu gurbi a ƙaramar sakandaren 'yan mata ta gwamnati. Giɓin aji 5 ya bar tabo: tana karanta Hausa sosai, amma rabawa da lissafin ɓangare suna ba ta wuya, don a lokacin da aka koyar da su tana bakin gareji. Wani ɗalibin kwalejin ilimi a lungun yana zama da ita Alhamis da Juma'a da yamma, ranakun da babu Islamiyya. Matar tana nan a kwano 3, adashi bai tsaya ba.

Abin da lamarin ya nuna

Takarda, wa'azi da ambaton tara duk sun sauka a kan mahaifin, shi kuwa ba shi ne mai tsara safiyar gidan ba. Ya iya hanawa da baki, bai iya maye gurbin kuɗin ba, shi ya sa hanin ya yi kwana 9. Tarar naira 2,000 ba ta taɓa zama abin tsoro na gaske ba, kowa a unguwar ya san ba mai unguwar da zai kai maƙwabcinsa kotu a kan haka. Tallafin masallaci ya faɗi ne saboda an ba da shi sau ɗaya, a hannun wanda bashi ke jira, ana gab da azumi, kuma bai magance fitar ƙarfe 6:30 na safe ba. Shawarar markaɗen dare ta fito daga wadda ba ta san wake ba, kuma ta jawo asarar amincewa da ta fi asarar kwano 3 tsada.

Abin da ya yi aiki sauyin lokaci ne da sauyin mai ɗauka, tare da barin adashi a inda yake. Da an ce wa matar ta daina tara kayan ɗaki, da ta amsa da to a gaban Hajiya ta ci gaba a ɓoye. Amfanin mai unguwa ya fi fitowa a wurin shaida: shi ya sa mai shayi ya biya, shi ya sa mahaifin ya faɗi adadi a gaban mutane. Sai dai da Hajiya ba ta zauna a kan turmin nan ba, da ba a samu abin da za a shaida ba, kuma kwamitoci da yawa suna da wakiliyar mata a takarda kawai.

Tsarin yana da rauni a wuri biyu. Ya dogara da lafiyar kakar, wadda ƙafa ta fara damu. Sakandaren kuma tana da nisan da sai an hau adaidaita zuwa da dawowa. Mahaifin yana sauke ta da safe kafin ya fara ɗaukar fasinja, dawowar ce ba a tsayar da wanda zai biya ba, kuma an sa maganar a zaman kwamiti na gaba.